Ranar Da Aka Ba Mai Tulu Ruwa

Da aka ƙirƙiro jihar Taraba, aka kwaso mu daga Yola zuwa Jalingo, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. Muka kama ɗaki biyu da falo a unguwar Majidaɗi. Aikina buga takardu ne da tafireta a wata ma'aikata. Garin ya cika da baƙi irinmu, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa mu, ita ma kowa da yadda yake lanƙwasa ta. Idan an tashi daga aiki babu wurin zuwa. Shi ya sa da wani abokin maigidana, malamin sakandare mutumin Wukari, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ban yi wata-wata ba na shiga. Kowa Malam yake ce masa, shi kuma Madam yake ce mini.

Malam ne ya kawo maganar fim, kuma na ban tsoro yake so. Akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki da suna a unguwar Kachalla Sembe da ya yarda ya riƙa zuwa da kyamararsa ranakun da ba shi da aiki. Sai dai kyamarar ba ta ganin komai da zarar rana ta faɗi, mu kuma ba mu da fitilu. Malam ya ce, "To shi ke nan, da tsakar rana za mu tsorata su."

Labarin ba shi da tsawo. Wata mata ce take fitowa daga wajen kogin Lamurde da rana tsaka, lokacin da unguwa ta yi tsit, da tulu a kanta. Ba ta sallama. Sai ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Ku sam mini ruwa." Duk gidan da ta tsaya, tsoro ya sa su banko ƙofa. Washegari ruwan randa ya ƙafe, na rijiya ya ƙafe, wanda ya rufe ƙofar kuma ƙishirwa ta kama shi, ko bokiti guda ya shanye ba ta sakinsa, har ya mutu leɓe a tsattsage. Har fim ɗin ya ƙare ba a faɗi ko ita wace ce ba.

Ni aka ba matar, saboda ni doguwa ce siririya, kuma ina iya daɗewa ban ƙifta ido ba. Kwalliyar duka toka ce da aka dama da ruwa, sai wani tsohon zane, ƙafa ba takalmi. Tafiyar nan da mutane suka yi ta yabo daga baya, yadda nake ɗaga ƙafa a hankali kamar ba na son taɓa ƙasa, ba wata ƙwarewa ba ce. Yashi ne yake ƙona ni.

Muka nuna shi a ɗakin taron makarantar su Malam. Waɗanda suka zo ba su cika benci biyar ba, kuma yawancinsu danginmu ne. Aka yi dariya inda akuya ta ratsa ta gabana, aka sake yi inda inuwar mai kyamara ta fito a jikin bango. Muka koma gida jiki a sanyaye. Malam ya kai kaset ɗin wurin wani Alhaji mai shagon haya da sayar da kaset a unguwar Turaki, wanda iyayensa daga Kano suka zo, ya ce ya yi yadda ya ga dama da shi.

Sai da aka kusa shekara sannan abin ya tashi, kuma har yau ban san daga ina ya faro ba. Samari a gidajen kallo suka fara cewa a sa musu shi. Sunan da muka ba shi mai tsawo ne, babu wanda ya riƙe, kowa Mai Tulu yake cewa. Akwai waɗanda suka kalla har suka haddace, idan na buɗe baki sai su riga ni faɗa. Kaset ya sha kwafi har hoton ya riƙa rawa, muryata ta yi kauri, wannan kuma ya ƙara masa ban tsoro. Direbobi suka kai shi Bali da Wukari da Gembu. A ofis idan wani yana neman fayil sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙame ya ce, "Ku sam mini ruwa." Aka yi ta musu a majalisu: wasu su ce aljana ce, wasu su ce matar da kogi ya ci ce. Har akuyar nan sai da aka samo mata ma'ana.

Da farko na ji daɗi. Daga baya abin ya fara yi mini nauyi. A kasuwa mata su riƙa zungurin juna. Na miƙa hannu zan karɓi jaririn wata maƙwabciya, sai ta ce wai yanzu zai yi barci. Duk waɗannan na jure. Abin da ya kai ni ƙasa shi ne 'yata. Tana da shekara shida lokacin, mun hana ta kallo, amma ta gani a gidan maƙwabta. Daga ranar ta daina karɓar kofi daga hannuna, sai babanta ya ba ta. Wata rana ina yi mata kitso, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Mama, idan ina makaranta da rana, ina kike zuwa?"

Ana cikin haka Alhaji ya aiko a kira mu shagonsa, ni da Malam da mai kyamara. Ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi, sannan ya ce, "Malam, mutane sun dame ni. Kullum sai an tambaye ni kashi na biyu. Ni zan ba da mota, ni zan ba da janareta da fitilu. Amma wannan karon a yi abin gaske. A sa mata haƙora, a ga jini, a kawo boka su gwabza, tulun ya fashe macizai su fito."

Ya buɗe aljihun tebur ya fito da wasu haƙoran roba dogaye da ya riga ya sa aka kawo masa daga Kano.

Malam ya dubi haƙoran ya girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan fim ba shi da na biyu. Abin da ya sa ake tsoron matar nan shi ne ba a san ta ba. Ranar da aka san ta, ta koma Madam da toka a fuska. Za mu ɓata na biyun, mu ɓata na farkon tare."

Alhaji ya ce, "Idan ba ku yi ba wasu za su yi. Akwai yaran da suka zo mini jiya, sun ɗaura wa wani ƙato zane sun aza masa tulu."

Mai kyamara, wanda tun da ya ji maganar fitilu idonsa ke kan Alhaji, ya ce shi dai yana ganin a gwada. Suka yi ta ja, sai can suka tuna ina wurin. Alhaji ya ce, "Malama, ke ba ki ce komai ba."

Na ce, "Alhaji, ko da haƙora ko babu, ni ba zan sake shafa tokar nan ba." Na ɗauki jakata na fita, ban ko shanye lemon ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Mumuye daga wajen Zing da take kawo mana doya a tire duk ranar Asabar. Kaka muke ce mata. Wata Asabar ta zo ta tarar ƙannen maigidana sun sa kaset ɗin a falo, 'yata tana gidan goggonta. Kaka ba ta taɓa gani ba. Ta sauke tire ta zauna a bakin ƙofa ta kalla har ƙarshe, ba ta firgita ko sau ɗaya ba. Da ya ƙare ta yi tsaki, ta ce da irin Hausarta, "Duka mutanen nan wawa ne. Mace ya ce ku ba shi ruwa, ku ba shi mana! Ruwa ne fa."

Yaran suka fashe da dariya. Ni kuwa ina riƙe da doya biyu na tsaya cik. Mun yi watanni muna wannan fim, gari ya yi shekara yana musu a kansa, babu wanda ya taɓa tambayar abin da zai faru da an ba ta. Ranar Litinin bayan aiki na bi ta makarantar na tambayi Malam. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Wallahi Madam ban taɓa tunanin wannan ba."

Ban gaya wa kowa ba na fara rubutawa. Idan an tafi cin abincin rana sai in zauna in jawo takardun da aka ɓata, in buga a bayansu. Ban taɓa rubuta labari ba, wasiƙun wasu kawai na saba bugawa, amma wannan ya riƙa zuwa da kansa har yatsuna ba sa cim masa.

Ga abin da na rubuta. Mai Tulu ta tsaya a ƙofar wata tsohuwa, tsohuwa ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙa mata. Ba ta sha ba. Ta ɗaga hannu ta juye a tulun da ke kanta, ta juya ta tafi. Washegari ta dawo, jibi ma haka, kullum da rana tsaka. Maƙwabta suka taso wa tsohuwa, wai ta jawo musu masifa unguwa, suka daina yi mata magana. Ranar nan tsohuwa ta bi bayan matar har cikin busasshen kogi, sai ta lura da ɗigon ruwa a kan yashi: tulun a huje yake ta ƙasa. Matar ta isa wani wuri ta durƙusa, ta karkata tulun, ko ɗigo bai fito ba. Ta miƙe ta koma gari neman wani. Tsohuwa ta gane cewa sai an liƙe tulun, kuma ba a liƙe shi sai an sauke shi daga kanta, abin da babu wanda ya taɓa yi.

Na kai wa Malam. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Kin bayyana ta ke nan. Abin da nake gudu ke nan."

Na ce, "A'a Malam. Na nuna abin da take so ne, ban faɗi ko ita wace ce ba. Duba shafi na ƙarshe. Idan tsohuwa ta sauke tulun, fuskar tsohuwar kawai za a nuna. Abin da ta gani a ƙarƙashin gammo, ita kaɗai ta sani."

Ya koma ya sake karanta shafin. Bai ce na yi gaskiya ba, ya dai ninke takardun ya ce, "Mu je wurin Alhaji."

Alhaji ya saurari bayanin Malam yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "To ina jinin? Tsohuwa da ƙwarya za a zo kallo?" Na roƙe shi ya bar ni in karanta masa wuri ɗaya kawai. Na karanta inda tsohuwa take bin ɗigon ruwa a cikin kogi, har zuwa inda ta kai hannu ta kama wuyan tulun. Nan na dakata don in juya shafi. Akwai wani mutum sanye da kakin aikin asibiti da ya shigo mayar da kaset, ban ma san ya tsaya a bayana ba. Sai na ji ya ce, "Haba baiwar Allah, ci gaba mana! Me ta gani?"

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya mayar da haƙoran roba cikin aljihun tebur. Ya ce, "Yaushe kuke son motar?"

Na kafa sharaɗi ɗaya: Kaka ce za ta fito a tsohuwar. Da na je mata da maganar ta ce, "Ni ba ya iya karatu." Na ce ba karatu, abin da za ta faɗa in da gaske ne shi za ta faɗa. Ta ce to wa zai sayar mata da doya? 'Yan ƙungiya suka saye tiren gaba ɗaya ranar farko, suka kuma yi haka duk ranar da muka fita. Mun ci doya a watan nan har ta ishe mu.

Da bazara muka ɗauka, lokacin da kogi ya janye ya bar yashi fari fat. Maigidana ne ya ba da shawarar mu tafi da 'yarmu. Ni na ji tsoro, amma ya ce, "Bar ta ta gani da idonta." A gindin wata bishiyar mangwaro na zaunar da ita, na dama toka a gabanta, na ce, "Zo ki shafa mini, hannuna ya gaji." Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta tsoma yatsa ɗaya ta ja mini layi a goshi. Kafin a jima ta tsoma hannu biyu, har cikin kunne sai da ta cusa mini. Da aka fara ɗauka ta ɓuya a bayan babanta tana leƙe. Malam na cewa a tsaya, na yar da duk wata natsuwa na ruga inuwa da tsalle-tsalle ina ihun ƙafata. Yarinyar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da muka zauna hutu na ɗebo ruwa a moɗa na sha, na miƙa mata ragowar ba tare da na yi tunani ba. Ta karɓa ta shanye. Na juya baya don kada hawaye ya ɓata aikin da ta yi mini a fuska.

A ƙarshen labarin, bayan an liƙe tulun da danƙo da tsumma, matar ta kai ruwa wurin nan ta juye, sai wani ɗan ƙaramin hannu ya fito daga cikin yashi ya buɗe tafi. Muna neman yaron da zai yi, 'yata ta ce ita ce za ta yi. Muka kwantar da ita a kan tabarma a inuwar gaɓar kogi inda kyamara ba ta kaiwa, muka rufe hannun kawai da yashi mai sanyi. Sau ɗaya aka ɗauka. Mai kyamara da ya duba ta cikin gilashinsa ya ce tsigar jikinsa ta tashi.

Kaka kuwa ba ta bi ko layi ɗaya na abin da na rubuta ba. Inda na rubuta ta matso tana rawar jiki, sai ta zo ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, sauke kayan nan, wuya zai karye!" Malam ya buɗe baki zai tsayar, na yi masa alama da ido ya bari. Da ta sauke tulun ta dubi kaina, ban san abin da ta tuna ba. Fuskarta ta sauya, ta faɗi wata kalma da yarenta a hankali. Na tambaye ta daga baya, ta ce ba ruwana.

Ranar nunawa Asabar ce da la'asar, a ɗakin taron nan dai. Tun azahar aka cika. Alhaji ya kawo talabijin biyu, aka ɗora kowace a kan tebur bisa tebur. Mutane suka maƙale a tagogi har iska ta daina shiga. Akwai ma'aikata da matansu, akwai 'yan kasuwa, akwai samarin gidajen kallo da suka zo a shirye su yi mana ihu idan mun ɓata musu abinsu. Na zauna can baya na ja gyale na rufe rabin fuska.

Da na fito a hoto ɗakin ya ɗauka baki ɗaya, "Ku sam mini ruwa!" Aka yi tafi, aka yi fito. Sai Kaka ta fito da ƙwarya. Wata mata ta miƙe tsaye tana ihu, "Kada ki ba ta! Mama kada ki ba ta!" Kaka ta gaske, wadda ke zaune a gaba, ta waiwayo ta ce, "Na riga na ba shi." Aka kwashe da dariya. Wannan ce dariya ta ƙarshe. Daga inda aka fara bin ɗigon ruwa, ɗakin ya yi shiru har ana jin ƙarar janareta daga bayan ɗakin taron. Da hannun ya fito daga yashi, ihun da aka yi sai da na toshe kunne. Wani benci ya kife da mutum shida. Wani babban jami'i da nake buga wa wasiƙu na gan shi ya riƙe hannun masinjansa gam.

Hoto ya ɗauke, tafi ya ɓarke. Malam ya hau kan tebur ya ɗaga hannu har aka saurara. Ya ce, "Jama'a, ni ne na ce kada a yi wannan fim, kuma na yi kuskure. Labarin nan ba nawa ba ne. Madam, taso su gan ki." Maigidana ya janye gyalen daga fuskata da kansa. Na ratsa tsakiyar ɗakin mata suna kama hannuna, wata ma ta ɗora mini goyonta a kafaɗa don ta samu ta yi tafi da kyau. Alhaji ya ɗaga kwalin kaset ɗin sama, ga sunana an rubuta a matsayin wadda ta tsara labari. Ban san ya yi haka ba.

Kafin mu fita daga harabar makarantar musu ya riga ya kaure a kan abin da ke ƙarƙashin gammo. Alhaji ya biyo mu da sauri yana cewa a fara tunanin na uku. Malam ya nuna ni ya ce, "Ga mai labari nan." Na ce, "Alhaji, ta kai ruwanta. Me za ta dawo yi?" Ya yi dariya ya ce zai sake tambaya. Ya sake kuwa, sau da yawa, amsar ba ta sauya ba.

Samarin gidajen kallo suka kewaye Kaka, kowa yana so ya gaishe ta. Wani ɗan acaɓa ya rantse ba za ta taka da ƙafa ba yau. Ita kuwa ranta a ɓace yake. Ta jawo ni gefe ta ce wace ce wannan tsohuwar da aka nuna, ita ba ta tsufa haka ba, mai kyamara ne mugu. Na ba ta haƙuri. Aka ɗora ta a bayan babur, tire a cinya, babura wajen goma suka rufa mata baya suna ta hon har Majidaɗi. Muna biye a ƙafa muna jiyo muryarta tana yi wa ɗan acaɓan faɗa ya rage gudu.